Smart Little Lena: Jinin da Ya Gada da Gasa Takwas da Suka Yi Masa Suna

Tambaya: Na daɗe ina kallon bidiyon dawakan Amurka masu tare saniya, kuma kusan duk wanda aka yaba sai in ji an ce jikan Smart Little Lena ne. Da na bincika sai na ga wai sau takwas kawai ya shiga gasa a duk rayuwarsa. Yaya doki zai yi irin wannan suna da gasa takwas? Asali ne ya kai shi nan ko horo? Mu dai mun san an ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Amsa: Malam, lissafin da ka gani daidai ne. Sau takwas Smart Little Lena ya shiga gasa, ya tara dala 743,275, aka mayar da shi barga ya koma aikin barbara har tsufansa. Amma karin maganar da ka kawo, a gidan su wannan doki sai an yi mata gyara, domin kakansa na wajen uba, Doc Bar, ɗan barewa ne da ya yi rarrafe da gaske. In kana son sanin inda basirar ta fito, ka ajiye sunayen ingarmu tukuna, ka bi sawun goɗiyoyin gidan. Can maganar take.

Sai dai mu fara da aikin kansa, don wanda bai san abin da alƙalai ke nema ba, ba zai gane abin da ake gada ba. A ƙarni na 19, shanun masu kiwo a Texas da jihohin da ke kewaye da ita a fili ɗaya marar shinge suke ci, su cuɗe da juna. Idan lokacin tattara su ya yi, dole a shiga cikin garken a fitar da ta wane da ta wane, ko maraƙin da za a ɗana wa shaidar wuta, ko marar lafiya, ko wadda za a kai kasuwa. Saniya kuwa ba abin da ta ƙi jini kamar a raba ta da 'yan'uwanta. Dokin da ya iya ratsa garke a hankali ba tare da ya firgita shi ba, ya turo saniya ɗaya waje, ya hana ta komawa, shi kaboyi ke ji da shi fiye da duk dawakan da ke hannunsa. Daga nan abin ya zama gasa, wadda suke kira cutting, wato ware saniya. An yi ta farko da aka tallata a garin Haskell na Texas a 1898, sannan a 1946 aka kafa ƙungiyar masu wannan gasa, NCHA, a birnin Fort Worth na Texas, wadda har yau ita ke riƙe da dokokin wasan.

Mahayi yana da minti biyu da rabi. Mataimaka huɗu ne tare da shi a kan dawakansu, biyu suna riƙe garke a jikin bango, biyu suna gaba suna maido da saniyar in ta nemi tserewa can ƙarshen fili. Mahayin zai kutsa cikin garken, ya zaɓi saniya, ya koro ta tsakiya. Da zarar ta rage ita kaɗai, sai ya sauke hannun linzami a kan wuyan doki, ɗaya hannun ya riƙe ƙahon da ke gaban sirdi. Daga nan ragamar aiki ta koma ga doki. Kowane alƙali yana ba da maki tsakanin 60 da 80, ana farawa daga 70. In saniya ta kuɓuce ta koma garke, maki biyar sun tafi. In mahayi ya ja linzami don ya nuna wa doki hanya, ana cire maki ɗaya duk lokacin da ya yi haka. In ya janye daga saniya tana tsaka da neman kutsawa, maki uku ne. A manyan gasa alƙalai biyar ke zama, a zubar da maki mafi yawa da mafi ƙanƙanta, a haɗa ukun tsakiya.

Ka ga ke nan dokin aikin mai tsaron raga yake yi: sai ya karanci inda saniyar za ta nufa tun kafin ta ɗaga ƙafa. Ya ƙanƙame jiki ya yi ƙasa, ya ɗora nauyinsa a kan ƙafafun baya, ya tsaya cak in ta tsaya, ya juya a wuri ɗaya in ta juya. Mai horo zai iya gyara tsayuwa, ya gyara juyi, ya koya wa doki haƙuri da inda ya kamata ya tsaya tsakanin saniya da garke. Amma son saniya, wato dokin ya kafa mata ido da kunne ya ɗauke ta abokiyar karawarsa, da shi ake haihuwar doki. Ƙaimi ba ya dasa shi. Shi ya sa masu wannan sana'a suke ƙure wa asali ido fiye da yawancin masu dawakai.

To, mu koma kan ɗan barewar. An haifi Doc Bar a 1956 a jihar Arizona, a gonar Tom Finley. Ubansa Lightning Bar gwanin sukuwa ne, ɗan Three Bars, ingarman Thoroughbred (nau'in dawakan sukuwa) da jininsa ya cika filayen sukuwar gajeren zango a Amurka. Uwarsa Dandy Doll ita ma ta yi sukuwa. Don gudu aka haɗa su. Da aka kai ɗan fili, sau huɗu ya fita, abin da ya samo gaba ɗaya dala 95. Sai aka juya da shi gasar kyan ƙira, wadda ake jan doki da ragama alƙalai su duba surarsa, a nan kam ya yi fice a Kalifoniya a hannun Charley Araujo. A farkon shekarun 1960 Dakta Stephen Jensen da matarsa Jasmine suka saye shi dala 30,000, suka kai shi gonarsu ta Double J a Paicines. Abin da zai ba ka mamaki, wannan dokin da kusan kowane zakaran ware saniya na yau ke da jininsa, shi kansa bai taɓa shiga gasar ba ko sau ɗaya. Ya rayu shekara 36, ya mutu a 1992.

Abin da Doc Bar ya kawo shi ne sauƙin jiki da zafin nama da kyan fuska. Dawakan ware saniya na kafin zamaninsa kakkaura ne, masu nauyi, masu juriyar wuni a daji. Da aka haɗa shi da 'ya'yan waɗannan dawakai mata, musamman 'ya'yan Poco Tivio, sai aka sami 'ya'ya masu basirar iyaye mata da saurin uba. Ka riƙe wannan: basirar daga gidan matan ta zo. Poco Tivio kuwa yayan Poco Lena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ce kuma goɗiyar da nake so ka fi sani a duk wannan labari.

An haifi Poco Lena a 1949 a hannun E. Paul Waggoner na Texas. Ubanta Poco Bueno, ɗan King P-234, uwarta Sheilwin. Shi Poco Bueno, irin girman da yake da shi a wurin masu shi, da ya mutu a 1969 a tsaye aka binne shi a gonar Waggoner. Pine Johnson ne ya fara horar da Poco Lena, Don Dodge ya saye ta ya yi shekaru yana cin gasa da ita, sannan a 1959 ta koma hannun B.A. Skipper. A zamaninta ba a cin kambun shekara da gasa ɗaya. Sai dai a loda doki a tirela a bi gari gari, jiha jiha, kowane mako, wanda ya fi tara kuɗi a ƙarshen shekara shi ne zakara. Haka ta yi kusan shekara goma. Sau biyar tana zuwa ta biyu a duniya tsakanin maza da mata, ta kuma riƙe kambun goɗiyoyi shekara uku a jere, 1959 zuwa 1961. Ta tara dala 99,819, a lokacin da kyautar gasa ba ta taka kara ta karya ba.

Wahalar hanya ta ci ta. Ta kamu da ciwon kofato, wanda naman da ke riƙe ƙashi a cikin kofato ke kumbura har ƙashin ya goce daga mazauninsa. Duk mai doki ya san wannan ciwo ba ya barin dabba yadda ya same ta. A watan Oktoba na 1962 Skipper ya rasu a haɗarin jirgin sama, a cikin ruɗanin da ya biyo baya aka bar ta kwanaki a cikin tirela ba kulawa, ciwon ya dawo ya fi na da tsanani. Da Jensen da matarsa suka saye ta, goɗiya ce da ko tsayuwa da ƙyar take yi. Shekaru aka kwashe likitocin dabbobi suna fama kafin ta ɗauki ciki. Tana da shekara 18 ta haifi ɗanta na fari, Doc O'Lena, a 1967. A 1968 ta haifi Dry Doc, a ƙarshen shekarar kuma ciwon ya kai inda dole aka hutar da ita. 'Ya'ya biyu kacal ta bari, duka na Doc Bar. Na farin ya ci Futurity ta NCHA, babbar gasar dawakai 'yan shekara uku, a 1970, na biyun ya ci a 1971 a ƙarƙashin Buster Welch. Doc Bar ya haifi ɗaruruwa da goɗiyoyi iri iri. Ita biyu ta haifa, biyun duka zakaru. In za a raba ladan gidan nan, ni dai ita nake ba kaso mafi tsoka.

Doc O'Lena ɗan ƙarami ne. Masu shi sun so Don Dodge ya horar da shi saboda ya san uwar, ya duba ya ce ya yi ƙanƙanta. Shorty Freeman ya karɓe shi, ya lallashi Adrian Berryhill ya saya, ya kai shi Futurity ya cinye kowane zagaye tun daga na farko har na ƙarshe. 'Yarsa Lenaette ta ci Futurity a 1975, ya zama zakaran Futurity na farko da ya haifi zakara irinsa. A 1978 aka raba mallakarsa hannun jari a kan dala miliyan 2.1. Shi ne uban dokin da kake tambaya.

Gefen uwa ma ba baya ba ne, ko da yake ba a cika maganarsa ba. Uwarsa Smart Peppy 'yar Peppy San ce, zakaran duniya na NCHA a 1967 a ƙarƙashin Matlock Rose. Peppy San ɗan Leo San ne da Peppy Belle, ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya kuwa shi ne Mr San Peppy na gonar King Ranch, wanda ya ci kambun duniya a 1974 da 1976, ya kuma haifi Peppy San Badger. Wannan shi ne babban gida na biyu a harkar, kishiyar gidan Doc Bar. Uwar Smart Peppy kuma, Royal Smart, 'yar Royal King ce, shi ma ɗan King P-234. Saboda haka King ya shigo wa Smart Little Lena ta ƙofa biyu, ta Poco Bueno a sama, ta Royal King a ƙasa, kuma duka biyun ta hannun goɗiya. Idan ka jera kakanninsa huɗu, ɗaya ne kawai, Doc Bar, ya fito daga gidan sukuwa zalla. Sunansa ma daga iyaye mata aka haɗo shi, Smart daga uwarsa, Lena daga kakarsa.

An haife shi a 1979, Hanes Chatham ne ya haɗa iyayensa. Jan doki ne, gajere, tsayinsa a kafaɗa bai wuce santimita 145 ba, abin da a wasu ƙungiyoyin dawakai ma ba za a sa shi cikin manya ba. Ƙanƙantar da ta sa aka raina ubansa ita ta sa aka raina shi. A wannan aiki kuwa gajarta ba aibu ba ce. Doki gajere nauyinsa yana kusa da ƙasa, ya fi saurin tsayawa da juyawa, idonsa kuma yana zuwa daidai da na saniya in ya durƙusa. Bill Freeman, ɗan Shorty Freeman, shi ya horar da shi ya kuma hau shi. Uba ya hau uba, ɗa ya hau ɗa. Bill ba baƙo ba ne a fagen, ya riga ya ci Futurity a 1979 a kan Docs Diablo, don haka da ya ce wannan ɗan ƙaramin ya fi duk abin da ya taɓa hawa, maganarsa tana da nauyi. Tun kafin dokin ya taka fili aka sayar da hannun jarinsa a kan dala 5,000 kowane kaso. Waɗanda suka saya ba su yi da-na-sani ba.

Yanzu ga amsar takwas ɗinka. Tsarin gasar ya sauya tsakanin zamanin kaka da na jika. A 1962 aka fara Futurity a garin Sweetwater, daga baya ta koma zauren Will Rogers a Fort Worth. Gasa ce ta dawakai 'yan shekara uku waɗanda ba su taɓa fita gasa ba, ana yin ta a ƙarshen shekara. Masu dawakai suna biyan kuɗin shiga kashi kashi tun da wuri, kuɗin su taru su yi yawa, shi ya sa kyautarta ta fi ta kowace gasa. Dawakai ɗaruruwa ne ke shiga, a yi zagaye na farko, na biyu, na kusa da ƙarshe, sannan na ƙarshe, kuma doki bai da damar gyara kuskure. Saniya ɗaya mai taurin kai ta isa ta rushe horon shekara biyu. Bayan ta sai Super Stakes da Derby, na 'yan shekara huɗu, a shekarar da ke biye. Dokin da ya haɗa ukun shi ake cewa ya ci kambu uku.

Smart Little Lena ya ci Futurity a 1982, ya ci Super Stakes da Derby a 1983. Shi ne na farko da ya haɗa su. Adalci dai a faɗa cewa Super Stakes a 1981 aka fara ta, don haka ubansa da su Peppy San Badger ba su sami damar neman kambun ba tun farko. Duk da haka abin ba sauƙi ne da shi ba. Docs Okie Quixote ya maimaita a shekarar da ta biyo, daga nan sai da aka kwashe kusan shekara ashirin kafin goɗiya Chiquita Pistol ta yi a 2002 zuwa 2003.

Ka kwatanta kuɗin. Kakarsa ta yi kusan shekara goma a hanya ba ta cika dala dubu ɗari ba. Ubansa, da duk Futurity ɗin da ya share, abin da ya tara a fili bai kai dala 25,000 ba. Shi a fita takwas ya ninka kakarsa sau bakwai. Ba wai ya fi ta iyawa sau bakwai ba ne, kuɗi ne suka shigo harkar a ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980, suka taru a gasa ƙalilan na dawakai masu ƙananan shekaru. Ingarman da ya riga ya ci waɗannan, me zai koma nema? In ya ci gaba da fita, ko ya ji rauni, ko wata rana saniya ta kunyata shi farashinsa ya sauka. A barga kuwa kowace goɗiya da aka kawo masa kuɗi ne tsaba, ga masu hannun jari suna jira. Hisabin kasuwa ne ya tsayar da shi a takwas, ba gajiya ba.

Nan ne nake rabuwa da masu cewa gasa takwas ta tabbatar da shi ne gwani mafi girma da aka taɓa yi. Takwas ɗin sun nuna basira da natsuwa a ranar da ake buƙatarsu, wannan ba gardama. Amma ba su nuna juriya ba, ba su nuna yadda zai kasance yana ɗan shekara goma, bayan dubban shanu da dubban kilomitoci. Wannan jarrabawar Poco Lena ce ta zauna ta, ta kuma biya da ƙafafunta. Tsarin da ya ɗaukaka jikan yana da nasa illar: ana ɗora wa duƙushi sirdi yana ɗan shekara biyu, a matsa masa aiki mai cin gwiwa da ƙugu kafin ƙashinsa ya gama ƙwari, saboda duk kuɗin suna shekara ta uku da ta huɗu. Likitocin dabbobi da ke bin waɗannan dawakai sun san yawan ciwon gaɓoɓin ƙafar baya da ke biyo wannan gaggawa.

Sunan da kake ji a bakin kowa, barga ce ta yi masa shi, ba fili ba. 'Yarsa Smart Date ta ci Futurity a 1987 a ƙarƙashin Leon Harrel, ɗansa Smart Little Senor ya ci a 1988 da Bill Freeman a kai. Red White And Boon, dandaƙaƙƙen ɗansa da goɗiya Royal Blue Boon ta haifa, ya yi shekaru yana tara kuɗi har ya zarce uban. Smart Chic Olena ya kai jinin gidan cikin wasu gasannin, na sarrafa doki da linzami da na aikin shanu gaba ɗaya. Abin da 'ya'yansa suka ci a filaye ya haura dala miliyan 30.

Sai dai tarihi ya sake bin hanyar mata. Babban gadonsa ta hannun 'ya'yansa mata ya wuce, shekaru da yawa shi ne kan gaba a jerin kakannin wajen uwa. 'Yarsa Smart Little Kitty aka haɗa da High Brow Hickory, jikan Doc Bar, ta haifi High Brow Cat a 1988. Shi High Brow Cat bai ci babbar Futurity ta Fort Worth ba, abin da ya tara a fili bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kakansa ba, amma 'ya'yansa sun ci fiye da dala miliyan 70, ya daɗe yana mulkin harkar kafin ya mutu a 2019. Ɗansa Metallic Cat, haihuwar 2005, ya ci Futurity a 2008 a ƙarƙashin Beau Galyean. Ka duba takardar Metallic Cat: uwar ubansa 'yar Smart Little Lena ce, uwar uwarsa Shesa Smarty Lena ita ma 'yar Smart Little Lena ce. Sau biyu a takarda ɗaya, duka ta mace. Wannan ne ya sa duk dokin da ka kalla ake ce maka jikansa ne. Sau da yawa ma jikansa ne ta hanya biyu ko uku.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Jinin da ya kawo basirar ya zo da wani abu a ɓoye. Akwai cutar fata ta gado da ake kira HERDA, wadda aka bi sawunta har zuwa gidan Poco Bueno. Dokin da ke da ita fatarsa ba ta kama jiki da kyau, tana talewa tana yagewa, musamman a gadon baya. Sau da yawa ba a ganewa sai an fara ɗora sirdi, yana ɗan shekara biyu ko kusa da haka, a ga baya ya ɗaye ya ƙi warkewa. Ba ta da magani, irin wannan doki ba ya hawuwa, da yawa kuma sai an hutar da su. Cutar ba ta fitowa sai duƙushi ya gaji ƙwayar daga uwa da uba duka. Mai ɗauke da guda ɗaya lafiyarsa ƙalau, ba abin da za ka gani a jikinsa. In aka haɗa masu ɗauke biyu, kowane ciki yana da haɗarin kashi ɗaya cikin huɗu.

Smart Little Lena mai ɗauke ne. A zamanin da yake tashe ba wanda zai iya sani tabbas, domin sai a 2007 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka gano gurbin da matsalar take a ƙwayar halitta, aka samar da gwaji. Binciken da ya biyo baya ya nuna kusan kashi 28 cikin ɗari na manyan dawakan ware saniya suna ɗauke da ita, alhali a cikin dawakan Quarter Horse gaba ɗaya, nau'in da suka fito daga ciki, ba ta kai kashi 4 ba. Dalilin a fili yake: kowa yana rububin ingarmu ƙalilan, su kuwa duk 'yan gida ɗaya ne. Fasaha ta ƙara matse abin. Ana aika maniyyin ingarma ɗaya ko'ina, kuma tun 2002 ƙungiyar AQHA, mai yi wa dawakan Quarter Horse rajista, ta yarda a yi wa goɗiya rajistar 'ya'ya fiye da ɗaya a shekara, ta hanyar ɗauke ɗan tayi a dasa wa wata goɗiyar ta yi renon ciki. Yau ƙungiyar tana wajabta wa ingarmun barbara gwajin cututtukan gado, HERDA na ciki.

Game da asali ko horo, an yi gwajin da ya fi duk wata muhawara. Na farko gwajin Allah ne: Smart Peppy ta sake haihuwa da Doc O'Lena, akwai Smart Peppy Doc, ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, doki mai kyau da ya ci kuɗinsa, amma bai kamo ƙafar yayan ba. Na biyu gwajin mutane ne. Da tsufa ya zo masa, masu hannun jarinsa suka sa aka kwafi halittarsa a Jami'ar Texas A&M, a 2006 aka haifi duƙusai biyar masu ƙwayar halitta iri ɗaya da tasa sak. Ba ɗaya daga cikinsu da ya yi suna a fili. AQHA ba ta yi wa irin waɗannan rajista, an kai ta kotu a kan haka, kotun ɗaukaka ƙara ta ba ta gaskiya a 2015. Su biyar ɗin kuma duk sun gaji ƙwayar HERDA, tunda kwafi ba ya tace komai. Shi kansa ya mutu a watan Agusta na 2010 yana da shekara 31, a Aubrey ta Texas, aka sa shi cikin zauren girmamawa na AQHA a 2015. Jini ya ba shi kayan aiki, wannan ba shakka, kuma 'ya'yan Poco Lena biyu shaida ne. Amma kayan sun faɗa hannun mahayin da ya tashi a bargar ubansa yana kallon yadda ake tafiyar da irin wannan jini, kuma a daidai shekarun da kuɗi suka taru a gasa ukun da ya ci.

Saboda haka in aka ce maka doki jikan Smart Little Lena ne, maganar ba ta gaya maka komai ba tukuna, don dubbai ne ke da wannan. Ka tambayi ta wane gefe, kuma sau nawa sunan ya fito a takardar. Ka tambayi uwar: ita ta yi aikin shanu? 'Ya'yanta na baya me suka ci? Uwar uwar fa? Masu saye na gaske a kasuwar Fort Worth ƙasan takarda suke fara karantawa kafin samanta, domin ingarman da ya haifi dubu dole a sami gwanaye a ciki ko da sa'a ce, goɗiyar da ta haifi shida huɗu suka ci kuɗi kuwa ba sa'a ba ce. Sannan ka nemi sakamakon gwaji a rubuce. In ka ga N/N, ba ya ɗauke da ƙwayar. In ka ga N/HRD, yana ɗauke da guda, kuma wannan ba dalilin ƙin doki ba ne, High Brow Cat da Metallic Cat duk haka nasu ya nuna. Abin da masu kiwo ke yi shi ne su haɗa mai ɗauke da wadda gwajinta ya fito N/N. Ta haka kusan rabin 'ya'yan za su ɗauki ƙwayar, amma ba wanda cutar za ta fito masa.